Gambar Baba Ado

Baba Ado mutumin kirki ne, amma wallahi taurin kansa ya ishe ni. Maƙwabcina ne a Rafin Guza, nan Kaduna. Daga wani ƙauye a Zamfara rashin zaman lafiya ya koro shi, shi da matarsa Larai, ya zo da laujensa da sana'ar da ya gada, saƙar zana.

In kana son ka makara wurin aiki, tambaye shi gamba. Zai ce maka ita ba irin ciyawar da ke mutuwa da rani ba ce. Ko wuta ta cinye ta, gindinta na nan da rai a ƙasa, da ta ji ƙamshin damina sai ta riga kowace ciyawa tsirowa. Ganyenta gashi-gashi, da farin layi a tsakiya. Sai ta wuce tsayin mutum, ta fitar da kai, ruwa ya ɗauke, karanta ya ƙosa, sannan ake sa mata lauje. Ɗanya ba ta zana.

Bara da damina iska ta kayar da dangar bayan gidansu, inda Larai ke wanka. Baiwar Allah nan ta koma rataya zani a igiya, ga masu wucewa ba sa ƙarewa. Na ce, "Baba, ga buhunan siminti a wurina, a ɗinka a kewaye." Ya dube ni kamar na zage shi. Wai shi mai zana, matarsa ta yi wanka a bayan buhu? Ta ƙara haƙuri zuwa kaka.

Ya samo gamba a wani fili da ba a gina ba, can wajen Mando. Sai ya yi abin da ake yi a ƙauyensu: ya bi ya ƙulle kan ganyen, alamar wannan tana da mai ita. Na ce, "Haba Baba! A Kaduna? Wa zai tsaya duba ƙulli?" Ya ce ɗan Musulmi ba ya taɓa abin da aka ƙulle.

Da ya koma, an aske ta tas. Masu yankan ciyawar raguna sun kwashe. Ta sake tohowa, ya sake ƙullewa, aka sake yankewa. Ni takaici ma ya hana ni yi masa dariya. Larai kuwa sai dai in ji ta tana ce wa matata ta tsaya mata a bakin lungu har ta watsa ruwa.

Ana gab da ɗaukewar ruwa, Baba ya ritsa wani mai yankan yana ɗaure dami. Ashe Rabi'u ne, ɗan ƙauyensu, wanda tare suka gudo. Baba ya ce, "Rabi'u, ba ka ga ƙulli ba?" Ya ce, "Na gani, Kawu. Ai wannan al'adar a can gida ce. Nan in na bari, wani zai yanka, yarana kuma su kwana da yunwa."

Da la'asar Baba ya yi sallama a ƙofar gidana, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Malam Sagir, buhunan nan suna nan?" Na ɗauko masa har da basilla. Ya juya ta a hannu, ya miƙo mini, ya ce, "Kai dai ɗinka mata. Ni ba zan iya ba."