Laftof Ɗin Da Aka Saya A Gabana

Tun kafin in sayo kwamfutar Inna ta ɗinka mata jaka. Na gwada mata tsawonta da faɗinta a kan tabarma, ta auna da tafin hannu, ta yanko tsohon bargo ta sa daga ciki, ta rufe da ragowar wata atamfa shuɗiya. Na ce mata irin waɗannan da jakarsu suke zuwa. Ta ce ita ba ta yarda da jakar da ba ta san abin da aka cusa a cikinta ba, kuma hanyar Gwiwa ba ta san abu mai tsada ba.

A lokacin na gama karatun kwamfuta a Kazaure, na dawo gida Gwiwa ina zaman jiran tsammani. Sai wani ƙaramin kamfani a Legas mai ƙera wasannin waya ya ga ɗan abin da na taɓa yi, ya ba ni aikin gwaji. In gina musu kasuwa a cikin wasa, da rumfuna da mutane suna kai-kawo, in tura kafin Babbar Sallah. In ta yi musu za su ɗauke ni, in riƙa aiki daga ɗakina. Tsohuwar laftof ɗina kuwa, da na buɗe manhajar da ake wannan ginin sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga, ta yi gurnani, ta mutu. Ina buƙatar mai ƙarfi, irin wadda ake yi don masu buga gem, wato wasannin kwamfuta. Ba zan ɓoye ba, ni ma ina ɗokin in buga ƙwallo a kanta. Na ce wa Inna wanda bai buga ba ba zai iya ƙerawa ba, kuma rabin maganar gaskiya ce.

Inna ta sayar da ragunan da take kiwatawa tun kafin su yi kuɗin Sallah. Abin da aka samu ba zai sayi irin wannan na'ura a Kano ba, na bincika har na gaji. Amma akwai wani mai shago kusa da makarantarmu a Kazaure da ke kawo na hannu, kuma ya samu guda ɗaya tak. Murfinta ya ɗan lotsa a gefe, shi ya sa kuɗinta ya sauko inda hannuna zai kai. Ya turo mini hotunanta, na yi ta kallonsu har na haddace lotsawar. Da na kira shi ya ce tana nan, in zo in gani.

Sharaɗin Inna ɗaya ne, da Kawu za mu tafi. Yayanta ne, dillalin dabbobi a kasuwannin Gwiwa da Roni. Bai san kwamfuta ba, bai kuma taɓa nuna ya sani ba. Inna ta ce ba don kwamfutar zai je ba, don ni zai je, domin ta san bakina ba ya da linzami kuma zuciyata a kusa take.

Muka hau babur ɗinsa da safe, hadari yana ta haɗuwa a gabas. Kawu ba ya gudu. Kuma muna cikin tafiya ya ratse wani ƙauye, ya ce an yi wa abokin cinikinsa rasuwa, ba zai wuce ƙofar gidan da ido ba. Wa zai yi gardama da gaisuwar mutuwa? Na zauna a gefen tabarma ina shafa fatiha, jakar Inna a kan cinyata. Aka kawo fura, Kawu ya sha a natse. Sai da rana ta ɗaga sosai sannan muka hango duwatsun Kazaure.

Ina sa kai cikin shagon na gan ta. Tana kan tebur a buɗe, baƙa mai kauri, madannanta suna haske ja da kore. A gabanta kuma wani dattijo ne zaune cikin farar babbar riga, ya kwantar da hannunsa a kan gefenta kamar mai riƙe da igiyar bijimin sa. Mai shagon ya amsa sallamarmu yana kallon Kawu, ni kuwa ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Na buɗe baki zan ce ai wannan tawa ce, sai na ji hannun Kawu a wuyan hannuna. Hannun mai kama bijimi ne. Ya ja ni waje ƙarƙashin rumfa.

"Ya sallama maka ita?"

Na ce mun yi waya, ya ce in zo.

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka taya?"

Na ce a'a.

"To ba ka da ciniki, ɗan nan. Bawan Allahn can yana da shi. Ba a shiga cinikin wani. Sai ya bari da kansa ya tafi, sannan ka yi magana."

Na san dokar. Kowa a wajenmu ya san ta, tun daga mai sayen kaza har mai sayen gona, kuma malamai sun ce haramun ne. Amma ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar. Na ce masa ai wannan ba kasuwar shanu ba ce. Ya ce ko kasuwar allura ce. Na ce ragunan Inna fa, da aikin Legas? Ya ce ya sani, shi ya sayar da ragunan. Muka koma ciki muka zauna a benci, bai saki hannuna ba.

Daga hirarsu na gane dattijon wani Alhaji ne mutumin Babura, yana fatauci tsakanin nan da Nijar. Ɗansa ne ya yi saukar Alƙur'ani, shi kuma ya yi masa alkawarin duk abin da ya zaɓa. Yaron ya zaɓi na'urar buga ƙwallo. Wato ni ina neman abin da zan ci abinci da shi, wani kuma za a kai masa don ya ji daɗin hutu. Raina ya yi baƙi ƙirin, na tsani yaron da ban taɓa gani ba.

Alhaji ya taya. Mai shago ya ce albarka. Na saki numfashi. Alhaji ya ƙara kaɗan, ya nuna lotsawar murfin ya ce kayan da ya sha duka ba a yi masa wannan tsadar. Mai shago ya sake cewa albarka. Duk albarkar da ya faɗa sai in ji kamar ruwan sanyi aka zuba mini. Tayin da Alhaji yake yi bai ma kai abin da ke aljihun Kawu ba. Kalma ɗaya zan faɗa a gama. Mai shagon ma ya san haka, don yana satar kallona, yana jiran in yi abin da zai ɗaga masa farashi. Na motsa, Kawu ya matsa hannuna har na ji ƙashi.

Can Alhaji ya tambaya ko za a karɓi sefa, kuɗin Nijar, don yawancin abin da ke jikinsa sefa ne. Mai shago ya ce shi ba ya harkar canji. Alhaji ya yi tsaki, ya tattara rigarsa ya miƙe. Ya ce to Allah ya kawo kasuwa. Ya nufi ƙofa, ya zura takalmi ɗaya, ya zura na biyu. Ni ma na yunƙura. Kawu ya ce a hankali, ba tare da ya kalle ni ba, "Bai tafi ba."

Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana neman direbansa da ido. A daidai nan hadarin da ya biyo mu tun safe ya sauke. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya ja da baya yana kakkaɓe riga, ya yi dariya ya ce da alama ba a so ya tafi. Ya cire takalman ya koma kujerarsa. Ban taɓa jin haushin ruwan sama ba sai ranar, ni ɗan manoma.

Zaman jiran ruwa ya sa ya waiwayo ya lura da mu. Suka gaisa da Kawu, suka taɓa hirar farashin dabbobi a bakin iyaka. Sannan ya dube ni, ya dubi jakar da ke cinyata.

"Samari, da gani kai ɗan makarantar nan ne. Ni ban san kan abin nan ba, mai kaya kuma ba zai kushe kayansa ba. Tsakaninka da Allah, tana da kyau?"

Ba sai na yi ƙarya ba ma. Na'urar tana da aibobinta na gaske. Batirinta ba ya daɗewa, tana da nauyi, tana shan wuta, fankarta tana ihu in ta ɗau zafi. In na jera masa su ina yamutsa fuska, na rufe da cewa ni dai da ni ne da na ƙara dubawa, ruwa na ɗaukewa zai tafi. Maganganun har sun jeru a bakina, kowace a wurinta.

Sai Kawu ya sake ni. Tun shigowarmu yake riƙe da hannun nan, sai a lokacin ya ɗauke nasa ya ɗora a gwiwarsa, ya juya yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Da ya ci gaba da riƙewa da ya fi mini sauƙi, don da na samu wanda zan ɗora wa laifi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk shagon nan babu kamarta. Lotsawar a murfi ta tsaya, ba ta taɓa cikin ba. Sai dai tana shan wuta, batirinta ba ya jimawa."

Na maƙale da maganar wutar, ina fatan ta isa. Alhaji ya yi murmushi ya ce wuta ba damuwa ba ce, solar gidansa firiza-firiza take ɗauka. Ya jawo kujera kusa da shi ya ce tunda na sani, in zo in gwada masa ita da kyau.

Haka na zauna na duba wa wani abin da na zo saya. Na bi madannan ɗaya bayan ɗaya, na duba fuskarta ko akwai tabo, na jona caja na cire. Na buɗe wasan ƙwallon da ke ciki, 'yan wasa suka fito suna gudu sumul, har ciyawar filin ana gani tana motsi. Ina kallo ina ganin kasuwata a wurin, da rumfunanta da mutanenta. Na nemi aibi ɗaya na gaske da zan nuna masa da zuciya ɗaya, ban samu ba.

Alhaji ya kira wani a waya aka daidaita maganar canji. Ya ƙara abin da ya ƙara. Mai shago ya kalle ni karo na ƙarshe, na sunkuyar da kai. Ya ce ya sallama. Alhaji ya ce ya saya. Suka tafa, Kawu ya ce Allah ya sa albarka, Allah ya sa yaro ya more ta lafiya. Alhaji ya miƙo mini tukuici, na ce a'a da wata murya da ta sa ya ɗan dube ni. Har ya fita bai san me ya kawo ni shagon ba, ba wanda ya faɗa masa.

Na so mu juya hannu wofi, Kawu ya ce Inna ba ta sayar da raguna don in koma wa wadda ke mutuwa ba. Muka ɗauki wata siririya mai launin toka, wadda za ta iya rubutun manhaja amma ba ginin wasa ba. Tun a nan na san aikin Legas ya tafi, kuma haka aka yi. Na yi ta fama da ita har jajiberin Sallah, kasuwar tana tafiya tana tsayawa kamar jaki a taɓo. Na tura abin da na samu, suka gode mini, suka ɗauki wani.

A hanyar komawa ban yi wa Kawu magana ba sai sau ɗaya. Mun wuce ƙauyen da muka yi gaisuwa, na ce a bayansa, da ba mu tsaya a nan ba da mun riga shi. Ya ce gaskiya ne, da mun riga shi. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma kare kansa ba. Na cika na batse har muka shiga Gwiwa.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta karɓi jakar da hannu biyu, tana ɗagawa ta ji abin yana yawo a ciki. Ta leƙa, ta dube ni. Kawu ne ya ba ta labari daga tsaye, bai ƙara ba bai rage ba. Tambaya ɗaya ta yi masa.

"Yaya, ya shiga cinikin?"

"Bai shiga ba. An kuma tambaye shi, ya faɗi gaskiya."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yaba mini ba, ni ma ba yabo nake so ba, na'urata nake so. Ta wanke hannu, ta ɗauko allura da zare, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Ta kwantar da siririyar a cikin jakar, ta ga ragowar da ta yi yawa ta gefe da ta sama. Haushi ya sa na ɗauko almakashi na ajiye a gabanta, na ce ta yanke kawai a huta.

Ta ture almakashin da bayan hannu. Ta ninke atamfar da bargon zuwa ciki, ta fara bi da ɗinki mai faɗi, irin wanda ake zare shi da ja ɗaya.

"Ninkewa zan yi," in ji ta. "Wadda ka gwada mini a tabarma, ranar da ta zo sai mu warware."