Kumbon Tumatir na Yaya Sule

Duk wanda ya zauna Tudun Wada a shekarun saba'in ya san yayana Sule mai gyaran agogo da rediyo, ya kuma san abin da yake fara yi in an kawo masa sabon kaya a kwali. Sai ya zaro takardar bayanin da ke ciki, ya ɗaga ta sama, ya girgiza kai ya ce, "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zuwa Zariya ba." Daga nan sai ya miƙa wa mai tsiren bakin titi ya naɗe nama. Ni kaina na taɓa cin tsire a cikin bayanin fankar maƙwabcinmu Alhaji Garba.

Ai kun tuna fankar nan! Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, kowa na sayen abin da bai iya haɗawa ba. Yaya ya haɗa ta tsaf, sai ga noti uku sun rage a tabarma.

Alhaji ya ce, "Malam Sule, waɗannan fa?"

"Almubazzarancin Turawa ne. Tana juyawa ko ba ta juyawa?"

Tana juyawa kam, har da tafiya. Kafin la'asar ta taka da kanta daga tsakiyar falo zuwa bakin ƙofa. Da Alhaji ya kawo ƙara, Yaya ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "To ka gode Allah, yanzu kowane ɗaki zai samu iska."

Ni a lokacin akawu ne a wata ma'aikata a Kaduna. Ku sani, da kuɗin gyaran agogon nan na yi karatu, don Yaya barin makaranta ya yi saboda in ci gaba. Da aka tura ni kwas Ingila, na rasa tsarabar da zan yi masa, sai na ga kwalin kumbon sama jannati na roba, irin wanda ake ɓalle gutsattsarinsa a haɗa da gam. Na saya ina dariya, don na san za a yi kallo.

Takardar bayani ta tafi wurin mai tsire, kamar kullum. Amma hoton jikin kwalin ya daɗe yana kallo.

"Habu, mutum nawa yake ɗauka?"

"Uku, Yaya."

"Uku! Duk girman nan? Kayansu fa?"

"Ba sa tafiya da kaya."

"To me suka je yi? Buta fa, ina suke ajiye ta?"

Na ce ban sani ba. Ya ce dama ya san ba a gama ƙera abin ba aka sayar mini.

Wata biyu ya yi a kansa, agogunan mutane na kwance suna jira. Ya ɗora reza a wuta ya tsaga cikin kumbon, ya faɗaɗa shi da murfin kwanon robar matarsa Ladidi, wadda ta yi sati tana nema tana zargin kaji. Ragar robar da ake ɓalle gutsattsarin daga jikinta, wadda kowa ke zubarwa, da ita ya yi kariyar ɗora kaya a sama da tsanin hawa. Yaya ba ya zubar da komai. Ya yi tayoyi shida da murfin kwalbar lemo, ya sassaƙa 'yar buta da murfin biro ya rataye ta a gefe. Ya shafa fenti kore da rawaya irin na manyan motocin kasuwa, a goshi ya rubuta, "Allah Ya Kiyaye."

Kuma fa ba wasa yake ba. Ya ce tumatirin fadamarmu kafin ya isa Ikko rabinsa ya ruɓe a hanya. Wannan kuwa in ya tashi bayan asuba, kafin walha ya sauke kaya, ya buɗe tayoyinsa ya shiga har cikin kasuwa.

Alhaji Garba ya ce, "In taya ta fashe a sama fa?"

Yaya ya juyo masa bayan kumbon, ga murfin kwalba na bakwai a ɗaure da zare. "Ka ɗauka ni Bature ne, in tashi tafiya ba sifiya?"

Muka yi ta dariya har da hawaye. Ni na fi kowa, kuma a nan ne laifina ya fara. Da mutane suka watse, sai ya kira ni gefe, ya rage murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba.

"Habu, kai ne mai shiga ofisoshi. Ka kai wa babban injiniyanku ya gani. Ba na son komai, ya dai duba ya faɗa mini ko kaina na aiki."

Na ce to. Amma wallahi kunya ta kama ni. Ni da kwat da laktaye, in shiga ofishin injiniya da kumbo mai buta? Na ɗora shi a bayan kujerar sabuwar motata, daidai ƙarƙashin gilashi, na ce sai gobe. Bazara ce, motar kuma a rana take yini. Da na waiwaye shi bayan sati guda, hancin ya lanƙwashe, kariyar ta narke ta zubo kan tsanin. Tayoyin ne kawai ba su yi komai ba.

Na kasa zubarwa, na kasa faɗa. Na naɗe shi a tsumma na tura cikin but. Ranar Juma'a na zo gida, tun ban kashe mota ba ya taso.

"Injiniya ya ce wani abu?"

"Suna nazari, Yaya."

Wani zuwan na ce injiniya ya yaba tsanin. Ku ga yadda fuskarsa ta washe! Ya saya mini tsire ranar, shi da ba ya sayen ko goro sai ya taya sau uku. Haka na yi ta yi kusan shekara. Sai wata rana ya daina tambaya, ni kuma na ji daɗi, na ce ya manta. Kaico.

Bayan shekara uku, da damina, zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi. Da aka yi sadakar bakwai, Ladidi ta kira ni ta miƙo mini kwali. Ta ce, "Ka tuna ran da ka bar masa mota ya gyara maka rediyonta? Ya buɗe but yana neman sukundireba. Da ya shigo gida, ko tuwo bai ci ba. Ya ce kada in sake in gaya maka, wai za ka ji kunya."

Na buɗe kwalin. Wani kumbon ne, da tsohon jikin rediyo ya yi shi, da kariyarsa da butarsa da sifiyarsa. Amma wannan an kafa masa 'yar rumfar kaba a kai. A ƙasa kuma ga takarda da rubutun hannunsa. Mutumin da bai taɓa karanta takardar bayani ba, shi ne ya zauna ya rubuta tasa:

"Bayani. Na ɗaya, kada a bar shi a rana. Na biyu, ba sai an kai wa injiniya ba. Na Habu ne."

Wanda ya rubuta wannan ya san Zariya, ya kuma san ni. Minti biyar kacal zai ɗauke ni in ƙwanƙwasa ƙofar injiniyan nan, ko da dariya za a yi mini, ban yi masa ba. Kumbon yana ɗakina har yau, nesa da taga.

Allah ya jiƙan Yaya Sule. Yadda ya rufa mini asiri, Allah ya rufa masa nasa, ya sanya shi a inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Amin.