Atiku da jitar da ba ta kiran sunan kowa

A Argungu har yau akwai masu rantsuwa cewa ranar da tsirkiyar jitar Atiku ta tsinke, goya ta ya yi ya kai asibiti, yana kuka yana roƙon a yi mata ƙarin ruwa. Ƙarya ce tsagwaronta. Wurin mai gyaran keke ya kai ta, aka zare wayar birki aka ɗaura mata. Kukan dai gaskiya ne.

Atiku ɗan manoma ne, kaf zuriyarsu babu makaɗi. A 1986, muna jihar Sakkwato, ya tafi Birnin Kebbi ɗinkin tela, ya faɗa shagon Benedict, wani mai sayar da kaset daga kudu. Can ya ji kiɗan nan na jita mai sanyi da ake ce wa jaz: ba ganga, ba waƙa, sai ka ce ruwan fadama na ratsa shinkafa. Shi ke nan, ɗinki ya mutu. Benedict ya bar masa tsohuwar jitarsa, Atiku ya shekara biyu yana bin kaset da kunne har yatsunsa suka yi kanta kamar ƙafar raƙumi.

Mahaifinsa, Malam Usmanu, ya yanke magana: in bikin kamun kifi ya wuce ƙwaryar nan ba ta sama masa abin yi ba, za a faskara ta, shi kuma ya nufi Augie noman albasa.

Atiku ya bi masaukan baƙi ɗaya bayan ɗaya yana durƙuso. Da ƙyar wani manaja ya ce ya zo ya gwada bayan kwana uku da la'asar. In baƙi sun yaba, ya samu wurin zama.

Ranar ta zo. Attajirai cike da rumfa, kowa ya gyara babbar riga yana jiran a kira sunansa da na kakansa. Atiku ya rufe ido ya fara. Bai taɓa kaɗawa da kyau irin na ranar ba, wayar birkin ma ta ba shi haɗin kai. Minti goma, ashirin, babu wanda ya motsa. Ya ɗauka kiɗan ne ya kama su, har ƙwalla ta cika masa ido.

Sai wani alhaji ya yi gyaran murya.

"Samari, in ka ƙare ɗaurin tsirkiyar, ka fara mana. Magariba ta kusa."

Ashe duk rumfar sun zaci gyara yake yi.

"Alhaji, ai shi ne kiɗin," in ji Atiku. "Don Allah ku ƙara saurare kaɗan."

Manaja ya riga ya yafito masu kalangu.

Malam Usmanu bai faskara jitar ba, ya dai rataye ta a rumbu inda hannu ba ya kaiwa. Atiku na Augie yana ban ruwa, yatsunsa na motsi a kan ƙotar fartanya. Can taubashinsa Hodi ya same shi.

"Sarkin makaɗan albasa! Wai har yanzu ba ka ƙare ɗaurin tsirkiyar ba?"

Atiku bai ko ɗago ba.

"Hodi, kai da kunnenka ya tashi da kukan jakin gidanku, mi ka sani? Matsa, ka taka mini shuka."