Tauraron da Na Rataya a Taga

A shekarar nan bakin kowa ɗaya ne a Washington: yaƙin can na ƙetare ba namu ba ne, su ƙarata. Ni na fi kowa ɗaga murya, domin ɗana tilo sojan ko-ta-kwana ne, irin waɗanda ke zaune gida suna sana'arsu, sai ta ɓaci a kira su. Aikin sito yake yi a Laurel.

Lokacin ina jinyar wata tsohuwar Baturiya a Alexandria, ta haura casa'in, hankalinta yana zuwa yana tafiya. In wani babba ya fito a talabijin ya ce makamai kawai za a aika, ba za a tura ɗan kowa ba, sai ta riga shi ƙarasa maganar. Ta ce tana yarinya ta ji duk wannan a rediyo, daga baya aka zo aka tafi da yayanta.

Sannu a hankali zance ya sake. Daga makamai aka koma masu ba da horo. Jirgin ƙasan da nake shiga da safe ya fara cika da masu kaki, ba mai ko tari.

Ran nan tsohuwar ta sa na buɗe wani tsohon akwati. Ƙyallaye biyu ne a ciki, farare masu jan baki, ɗaya da shuɗin tauraro, ɗaya da mai ruwan zinariya. Ta ce tunda ina da soja in ɗauki guda in rataya a taga. Ni 'yar Kaduna, ga zinariya, me zan yi da shuɗi? Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce uwarta ma da wannan ta ƙare. Na ɗauka ruɗin tsufa ne.

Na rataya shi a tagata a Greenbelt. Maƙwabtan da ko gaisuwa sai ka roƙa suka fara ajiye min abinci a bakin ƙofa, su ƙwanƙwasa su gudu. Wani dattijo ya cire hularsa da zan wuce. Wata ta rungume ni a matakala tana hawaye. Na ce oho, ashe suna da zumunci, rowarsa suke yi. Ban kawo ta'aziyya a raina ba, domin a wurinmu ai ta'aziyya zama ake yi, a cika gida. Abincin nan kuwa na cinye shi tas.

Ranar Lahadi bayan sujada ɗana ya zo. Na hango shi tsaye wurin ajiye motoci, ya ɗaga kai yana kallon tagar, ya ƙi motsi. Da ya hawo ya ce min shuɗi na uwar da ɗanta ke bakin daga ne, na zinariya na wadda aka kashe wa ɗa.

Na fizgo ƙyallen ina kiran sunan Yesu, na nufi murhu zan ƙona shi. Ya riƙe hannuna.

"Mama, zauna tukuna. An kira mu, abin da ya kawo ni ke nan."

Ya karɓi ƙyallen, ya ninke shi a hankali yadda ake koya musu ninke tuta. Ga kwandon shara nan kusa da ƙafarsa, amma sai ya buɗe durowata ya sa shi a ciki.