Ƙafar Jaɓɓo, Sunan Faruk

Duk wanda ya saba shiga kara, kasuwar shanu, a Illela ranar Lahadi ya san Jaɓɓo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon Bafillacen nan mai tabon ƙaho a bayan ƙafar dama, wanda ke koro shanun mahaifinsa daga rugarsu ta wajen Garu. Ni facin taya nake yi a bakin filin ƙwallo, ni ke ba ƙwallayen samari iska, don haka na san shi tun yana ɗan sakandare. Har gobe in na tuna abin da aka yi masa, raina ɓaci yake yi kamar ni aka yi wa.

Gola ne, amma ba kamunsa ake zuwa kallo ba, kamun dai da dama-dama. Abin kallon shi ne in ya saki ƙwallo daga hannu ya ɗauke ta da ƙafa. Sai ta tashi sama ta yi zamanta, 'yan kabu-kabu su kashe mashin su ɗaga kai, 'yan gabansa su ruga su isa su tsaya suna jiranta. Kuma inda ya nufa, nan za ta sauka. A wajen kiwo ya koya. In saniya ta ratse za ta shiga gonar mutane, ba ya binta da gudu, wata tsohuwar ƙwallo da ya cusa wa tsumma yake bugawa ta faɗi gaban hancinta, sai ta juyo.

Shekarun baya kaɗan saƙo ya zo wa ƙungiyoyin garin nan daga wani Halliru, Basakkwace da ya yi karatu a Amurka. Wai a jami'o'in can akwai wasan da ake yi da ƙwallo mai siffar gwanda, kuma kowace ƙungiya tana ajiye mutum guda da ba shi da wani aiki sai bugu. In ƙungiyarsa ta kasa matsawa gaba, shi zai fito ya bugo ta don a mayar da abokan karawa can baya. Nisa kaɗai ba ya isa. Dole ta daɗe a sama har mutanensa su cimma mai kamun kafin ya ɗaga ƙafa, ta kuma sauka dab da layin ƙarshe ba tare da ta tsallake ba. A kan wannan kawai ake ba mutum karatu kyauta. Mun yi dariya, muka ce ashe ana digiri da ƙafa. Da dariyar ta lafa, kowa ya juya ya dubi Jaɓɓo.

Halliru yana tara samari a Legas don gwaji. Sharaɗinsa shi ne a aiko da bidiyo: mutum ya dubi waya, ya faɗi sunansa da abin da ya iya, sannan ya buga a gani.

Jaɓɓo ya kasa. A gidansu mutum ba ya buɗe baki ya yabi kansa. Ko saniya za su sayar, mahaifinsa Malam Dabo ba ya faɗin kyanta. Turken Alhaji Mukhtari dillali yake kai ta, ya koma inuwa ya zauna, Alhaji ya yi magana. Haka gidajen biyu suke tun kakanni. A gidan Alhajin ma Jaɓɓo ya zauna lokacin sakandare, kwano ɗaya suke ci da ɗansa Faruk, wanda shi ne gola na biyu a ƙungiyar, mai ɗumama benci.

Na ce masa, "Kai Jaɓɓo, sunanka kawai za ka hwaɗi. Ina abin kunya cikin wanga?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Mukhtari shi ka yi muna magana. Shi ya san bakin mutane."

Haka aka yi. Faruk ya ɗauke shi bidiyo ta baya, Jaɓɓo yana sanye da rigar gola rawaya da suke karɓa-karɓa, aka ce Alhaji zai aika ya kuma yi bayani ta wayarsa. Jaɓɓo ya sa abin a ransa ƙwarai. Ya tono littattafansa na Turanci yana tafiya da su kiwo. Wata rana yana jiran in gama ba ƙwallo iska ya faɗa mini a hankali cewa in Allah ya yi, likitan dabbobi yake so ya zama. Ban taɓa jin ya ce yana son wani abu ba sai ranar.

Bayan 'yan makonni Alhaji ya kira shi a kara ya ce, "Ɗana, sun bugo. Sun ce sun cika, sai baɗi." Jaɓɓo ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. A satin aka daina ganin Faruk, aka ce ya raka tirelar shanu Legas. Ba wanda ya kawo komai a ransa, yaran dillalai sun saba.

A shagon cajin waya asiri ya tonu. Halliru ya sa bidiyon waɗanda ya gayyata a shafinsa. Ga fuskar Faruk cikin rigar nan rawaya, yana murmushi yana cewa sunansa Faruk Mukhtari daga Illela. Sai hoton ya yanke, ga bayan mutum, ga ƙwallo ta tashi ta ƙi saukowa, ga tabon ƙaho a ƙafar dama. Aka miƙa wa Jaɓɓo wayar. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar wa mai ita da hannu biyu, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Faruk bai daɗe ba ya dawo, don bugunsa ko tsawon dogonyaro bai kai ba. Alhaji lissafin kara ya yi: in dabba ta hau tirela ciniki ya faɗa, ba a dawo da ita. Ya ɗauka mutum ma haka ne, in yaro ya isa can dole su koya masa. Mun kira Halliru mu yi bayani, ya ce an kunyata shi gaban baƙinsa, ba zai sake buɗe bidiyon da ya fito daga Illela ba. Ya kashe wayar.

Ni ba ni da haƙurin Fulani. Na sami Alhaji a turkensa na faɗa masa abin da ya zo bakina. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Da ya tahi, wa zai yi ma Dabo kiwo? Taimakonsu ni yi."

Abin da ya fi ci mini rai yana gaba. Jaɓɓo ya je gaban mahaifinsa ya faɗa masa komai da bakinsa, karon farko da ya yi wa kansa magana. Malam Dabo ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Saniya ya ci muna?" Jaɓɓo ya ce a'a. Tsohon ya ce, "To ba a kwance amanar kakanni don ƙwallo. Lahadi ka kai mai bajimin nan."

Ya kai. Safar hannunsa ta gola tana rataye a rumfata tun lokacin, bai dawo ya ɗauka ba, ni kuma na kasa jefarwa. Duk Lahadi yakan ɗaure shanu a turken Alhaji, ya durƙusa ya ce, "Baba, an kwana lahiya?" Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya dubi masu saye ya ce, "Wanga ɗana na, ni ka yi mai magana." Jaɓɓo ya tashi ya nufi inuwa, ya zauna ya juya musu baya.