Talatin da Biyu a Carbin Alhaji

Da an sallame Asuba Badamasi yake kunna guntun kyandir a rumfarsa da ke jikin tawa, bakin tashar Birnin Kudu. Ni facin taya nake yi. Shi duwatsu yake shiryawa a kitsattsen zaren nailan: abin hannu, jigida, sarƙar wuya, ya kuma gyara carbin da ya tsinke. Ba ya aiki da allura. Bakin zaren yake kai wa wuta, in ya narke ya murza shi da yatsu biyu ya yi tsini, da shi yake zura dutse. Ya fi shekara ashirin yana haka.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya koma ƙirga duwatsu da yatsa. To yatsun ma wuta ta riga ta kashe su. Ko ƙaya ce ta soke shi ba ya ji.

Wata rana Alhaji Ahmad, mai hatsi daga Gwaram, ya jefa carbi a tabarmarsa.

"Malam Badamasi, ƙirga min wannan."

"Ko zaren ne ya saki, Alhaji?"

"Zare kam zai ɗaure jaki. Talatin da biyu ka sa min maimakon talatin da uku. Wata huɗu ina tasbihi da giɓi bayan kowace salla. Kai za ka cike min?"

Na ce, "Alhaji, ai Allah ya fi ka iya lissafi."

Ya ce, "Kai ji da tayarka."

Badamasi ya kwance carbin ya ƙara ɗaya. Amma maganar ta zaga masallatai. Masu carbi suka ɗauke ƙafa, mata suka bi bayansu, dama shiryayyun kaya daga Kano sun cika kasuwa. Mutane da yawa sun ce idon zai gyaru in an yi aiki, za su taimaka. Ban ga wanda ya kai shi asibiti ba. Ni ma ban kai shi ba.

Bayan girbi ƙanensa ya zo da babur ya mai da shi ƙauyensu Kiyako. Da ragowar zarensa, Badamasi ya ɗaure tabarma da gwangwanayen duwatsunsa a bayan babur. Ya laluba ƙullin bai ji shi ba, sai ya sunkuya ya ja shi da haƙori.