Larai Mai Daddawa da Takardar Surukinta

A Unguwar Ɗorawa, tsakanin Bici da Kunci, in uwa za ta yi wa 'yarta faɗan rashin kunya, da Larai mai daddawa take ba da misali. Shekara talatin Larai ta yi a gidan mijinta Mati har ƙasa ta rufe masa ido, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. 'Yarta ta fari, Aina'u, "waccan" take ce mata, ko a hanya suka haɗu sai ta kau da kai. Mutane suka yaba, ita kuma ta riƙe yabon nan da hannu biyu, don ban da shi da tukunyar kalwarta ba ta mallaki komai ba.

Daddawarta kuwa ba a magana. Ranar kasuwar Bici tun kafin azahar take kife kwando. Abin da masu saye ba su sani ba shi ne tun haihuwarta ta uku cikinta bai sake zama lafiya ba. Murɗa, zawo, jini, ya lafa wata biyu ya dawo. Kowa ya ce basir ne, ta sha sassaƙe har ta san ɗacin kowace bishiya a karkarar.

Wata damina jinin ya yi yawa, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, aka kwashe ta sai asibitin Bici. Ta taki sa'a a lokacin wasu likitocin jami'a sun zo daga Kano suna neman masu irin wannan ciwo don wani bincike. Shugabarsu, Dakta Khairiyya, ta sa aka ɗauke ta a farar mota zuwa birni, aka duba hanjinta da na'ura mai kyamara. Da ta farfaɗo likitar ta zauna a gefen gadonta ta yi mata bayani dalla-dalla.

"Inna, ba basir ba ne. Gyambo ne a hanji, kuma ya daɗe. Irinsa in ya daɗe yakan juye ya zama ciwon daji, abin da muke bincike a kai ke nan. Za mu bi ki shekara uku. Duk wata za a zo har gida a yi miki tambayoyi. Ranar da kika ce jini ya dawo, ko kina ramewa, motar nan za ta zo ta ɗauko ki mu sake dubawa. In an gani da wuri ana yankewa, mutum ya ci gaba da rayuwarsa."

Larai ta ji wannan magana, ta ajiye ta a inda ba ta mantuwa. Sai likitar ta leƙa waje ta kira wani saurayi.

"Ga wanda zai riƙa zuwar miki. Ɗan garinku ne, ya gama kwaleji. Sunansa Ikrima."

Larai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ikrima ya durƙusa, idonsa a kan siminti. Mijin Aina'u ne. Likitar ta ɗauka kunyar mutanen ƙauye ce, ta yi murmushi ta wuce gado na gaba. Larai ba za ta iya cewa surukinta ne ba, don faɗin hakan ma magana ce a kansa. Shi kuwa shekara huɗu yana yawo da takardu kafin ya samu wannan aiki, bai ga dalilin da zai sa ya tsokano abin da ba a tambaye shi ba.

Larabar farko ta kowane wata, da hantsi, Ikrima yakan jingine babur a ƙofar gida, ya cire takalmi, ya tsuguna nesa da ɗakin Larai. Ita tana ciki, asabari a sake.

"Ina kwana, Inna. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ya mutanen gidan?"

Iyakar binciken ke nan. Takardar tambaya goma sha huɗu ce: sau nawa take zagayawa a wuni, akwai jini, akwai majina, zani ya fara yi mata yawa. Wane ɗa ne zai dubi uwar matarsa ya yi mata waɗannan? Sai ya fita gindin ɗorawa ya cike da kansa, babu, babu, babu, da kyakkyawan rubutunsa irin na malamin makaranta. Duk wata shida kuma ana ba shi 'yar roba mai murfi ya karɓo bayan gidanta. Bai taɓa miƙa mata ba, kuma bai taɓa mayar da ita wayam ba, nasa yake zubawa. A Kano aka auna aka ga hanjin Larai lafiyarsa ƙalau kamar na ɗan shekara talatin, kuma na'urar ba ta yi ƙarya ba.

Shekarar farko magungunan da aka ba ta sun yi aiki, ƙaryar ta tafi daidai da gaskiya. A ta biyu jinin ya dawo, baƙi wannan karon. Larai ta san abin da za ta faɗa, ta san wanda za ta faɗa wa, kullum tana shirya maganar tun ranar Talata, in Laraba ta zo ta ji ƙarar babur sai ta ce "da sauƙi" kamar yadda ta saba. Aina'u ma ba hanya ba ce, ba a yin irin wannan zance da 'yar fari. Sau ɗaya ta aiki maƙwabciyarta Barira. Barira ta tsaya a gaban Ikrima ta ji nauyin bakinta, ta ce basir ɗin Inna ne ya ɗan motsa. A takardar babu gurbin basir.

A shekara ta uku taɓarya ta gagare ta. Ta daina surfa kalwa, ta daina zuwa Bici, zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye biyu. Ta shafa mararta ta hagu ta ji abu mai tauri kamar ɗanyen goruba. A nan tsoro ya kama ta, tsoron mutuwa tsagwaronsa, ya fi ƙarfin kunyar shekara hamsin.

Larabar da ta biyo baya matan gidan suna tsakar gida suna sussukar gero. Ikrima ya tsuguna ya yi gaisuwarsa. Sai asabari ya ɗaga, Larai ta fito tana dafa bango, kanta ko ɗankwali babu.

"Ikrima," in ji ta.

Taɓare suka tsaya.

"Ikrima, buɗe takardarka ka rubuta. Sau tara nake zagayawa. Jini ne baƙi, da gudaji. Akwai ƙullutu a nan. Ka rubuta ka kai wa likita ta aiko motar."

Ya dube ta, karo na farko tun da ya auri 'yarta, ya ga abin da ya rage na matar da ya yi wata talatin yana rubuta wa lafiya. Ya tashi ya fita, takalminsa a hannu. A gindin ɗorawa ya daɗe da biro a yatsa. In ya rubuta gaskiya yau, za a tambaye shi takardu talatin na baya, a tambaye shi robar. Ya rubuta babu sau goma sha huɗu, ya hau babur.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Larai ta kira sunan surukinta, ta tsaya kai ba lulluɓi tana lissafa masa abin da ke fita daga cikinta. Matan da suka yi shekaru ana goranta musu da ita suka samu abin da suke jira. Wata ta ce dama kunyar ta ganin ido ce, wata ta ce tsufa ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba wadda ta tambayi ƙullutun. Washegari Aina'u ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa idonta jajur.

"Inna, kin gama da ni. Tun jiya bai ci tuwona ba. Uwarsa ta ce in haka gidanmu yake, in tattara in dawo ki ƙarasa koya mini."

Larai ta juya fuskarta bango. Ta yi sati uku tana kasa kunne ko za ta ji mota, ba ta ji komai ba sai amalanken shanu.

Ana saura kwana kaɗan a rufe binciken Ikrima ya zo ba ranar Laraba ba, Aina'u na bayansa. Ya tsuguna, ya zura hannu ta ƙasan asabari da waya a buɗe. Matan gida suka matso. Muryar Dakta Khairiyya ta cika ɗakin, cike da fara'a.

"Inna Larai, barka da war haka. Na ce sai na ji muryarki da kaina. Cikin mutum ɗari da ashirin da muke bi, ba wanda ya warware kamarki. Har muna tunanin ko daddawar nan taki ce, muna so mu bincika. Amma tukuna, ya jikin?"

Larai tana kwance a kan tabarma, ƙafafunta a kumbure. Ta san kalma nawa ake buƙata motar ta taso, ba su fi biyar ba. Ta san kuma abin da zai biyo baya: a kori mai takarda, shi kuma ya kori wadda ke tsaye a bayansa. Ta ƙasan asabari tana hango ƙafafun Aina'u, da lallen da ya fara koɗewa. Tun da ta yaye ta ba ta taɓa yi mata kallo mai tsawo haka ba.

"Da sauƙi, likita," in ji ta. "Alhamdu lillahi."

"Madalla. To gaya mini, yaya kike haɗa ta?"

Larai ta gaya mata, tana hutawa tsakanin magana: a dafa kalwa wuni guda, a surfa, a wanke, a sake dafawa da kanwa, a rufe kwana uku, a kirɓa a shanya. Likitar tana rubutawa tana jinjinawa, ta yi godiya ta kashe waya.

Ɗorawa ba ta nuna ba aka binne Larai. A zaman makoki mata suka yi mata adalci irin nasu, suka ce ta ɗan kauce a ƙarshe, amma Allah ya dawo mata da kunyarta kafin ta cika. Ikrima ne ya cike takarda ta ƙarshe. A gurbin dalilin rasuwa ya rubuta zazzaɓi.